Furen Kurmi a Tsakiyar Hamada: Yadda Za Ka Raine Shi Har Ya Yi Fure

Hibiskus ɗina na farko kwana goma sha ɗaya ya yi a hannuna. Na kawo shi gida da jajayen furanni huɗu, kowanne ya kai faɗin tafin hannu, ganyensa na sheƙi kamar an shafa masa mai. Na ajiye shi a gindin bangon da ke kallon yamma, don nan ne idon mai shigowa ke fara sauka. Kwana uku sai ganye ya soma yaushi da rana, na ƙara masa ruwa. Bai daina ba, na koma ba shi safe da yamma. Ranar da na zare shi daga tukunyar, saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana warin kwata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya yaudare ni shi ke yaudarar kowa: ai furen ƙasar zafi ne, me zafi zai yi masa? To zafi suna ya tara. A kurmin da irin waɗannan tsirrai suka saba, ba kasafai zafi ke wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, iska cike take da laima, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, ruwan sama kuma kan haura milimita 2,000 a shekara. Hamada kuwa ba ta samun fiye da milimita 250, laimar iskarta da la'asar kan faɗi ƙasa da kashi 15. A 2023 birnin Finiks da ke hamadar Sonora a Amurka ya yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43 ko fiye. A irin wannan yanayi ganye na zubar da ruwa fiye da abin da saiwa ke iya jawowa, ko da ƙasar a jiƙe take sharkaf. Shi ya sa aikin ba ya farawa da sayen fure. Wuri ake fara gyarawa, furen shi ne na ƙarshen zuwa.

Mataki na 1: Ka yi sati guda kana kallon rana

Kafin ka tona ko rami ɗaya, ka riƙa zagaya filinka sau uku a yini: da hantsi, da tsakar rana, da kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ka lura inda inuwa ke kwanciya a kowane lokaci. Abin da kake nema shi ne wurin da ke samun ranar safe ta awa huɗu zuwa shida, sannan inuwa ta rufe shi kafin ƙarfe ɗaya. Galibi gindin bangon da ke kallon gabas ne.

Bangon yamma shi ne makabartar furanni. Rana na dukansa a daidai lokacin da iska ta fi bushewa, siminti ya shanye zafin, da dare kuma ya riƙa amayo shi a kan tsiron, ba hutu dare da rana. Ka ɗora tafin hannunka a kansa da ƙarfe tara na dare, za ka ji abin da nake faɗa. Haka daɓen siminti da tsakuwar ado suke. Fuskar ƙasar da rana ke duka kai tsaye tana iya wuce digiri 60. Ka lura kuma da ɓangaren da busasshiyar iska ke kaɗowa, domin ita ma ƙona ganye take yi.

Mataki na 2: Inuwa tukuna

Manoman dausayin Sahara sun daɗe da gano sirrin nan. Dabino ne a sama yana tare rana, ƙananan itatuwa a ƙarƙashinsa, ƙananan shuke-shuke a can ƙasa, kowane hawa na kare na ƙasa da shi. Irin wannan kake son kwaikwaya, ko da a ɗan lungu ne.

In kana da bishiya mai siraran ganyen da haske ke ratsawa, ka yi sa'a. In babu, ka kafa rumfa da ragar inuwa. Ana sayar da ita da lamba: mai tare kashi 30, mai 50, har mai 90 cikin ɗari na hasken rana. Ga furanni, tsakanin 30 da 50 ya isa. Wanda ya sa mai 80 zai samu ganye kore shar amma fure ko ɗaya, domin tsiro ba ya fure sai ya ƙoshi da haske. Ka ɗaga ragar aƙalla rabin mita sama da kan tsiron don zafi ya samu hanyar fita, ka sako ta ƙasa ta ɓangaren yamma, sauran ɓangarorin ka bar su a buɗe. Ta wajen iska kuma, shinge mai ƙofofi ya fi katanga rufaffiya amfani: shi rage mata ƙarfi yake yi, ita kuwa katanga tsallake ta iskar ke yi ta faɗo da ƙarfi a bayanta. Duk wannan a gama shi kafin tsiro ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 3: Zaɓen abin da za ka shuka

Ni kashi uku nake raba su.

Akwai waɗanda hamada ba baƙuwarsu ba ce. Kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, 'yar yankin Sahel ce da gabashin Afirka da Larabawa, tana tara ruwa a kumburarren gindinta. Bugenbiliya daga Kudancin Amurka ta fito, sunanta kuma na wani matuƙin jirgin ruwa ne Bafaranshe, Bougainville, wanda a tafiyarsa ta shekarun 1760 aka ɗauko ta daga Birazil. Abin da mutane ke ɗauka furenta ne, mai launin ja ko shunayya, ainihinsa ganye ne da ya rine. Furen na gaskiya shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Akwai kuma Caesalpinia pulcherrima mai fure ja da ruwan lemo, wadda sai rana ta ƙwalle take nuna kanta, da lantana, da Tecoma stans mai ruwan ɗorawa. Waɗannan suna ɗaukar rana kusan yini guda. In yanzu ka fara, da su za ka fara.

Kashi na biyu masu yiwuwa ne in an ba su inuwar yamma da ruwa a kan kari: hibiskus, ɗan'uwan rama, filumeriya mai ƙamshi, 'yar Meziko da tsibiran Karebiyan, furen kana (Canna), yasmin, da Strelitzia ta Afirka ta Kudu, mai fure kamar kan tsuntsu. Mafi yawan bayanin da ke tafe a kansu yake.

Na uku su ne gardeniya, iksora, helikoniya, anturiyum da yawancin okid. Wasu ƙasa mai tsami suke so, wasu iska mai laima, wasu duka biyun. A ra'ayina, a fili ɓata lokaci ne. A tukunya, cikin ɗaki mai haske ko rumfar da aka killace, sai a gwada.

Gargaɗi ɗaya: ruwan jikin kariya guba ne, na filumeriya kuma yana ƙona fata da ido, 'ya'yan lantana ɗanyu ma guba ne. Inda yara ko dabbobi ke kai-kawo, a san inda za a ajiye su.

Mataki na 4: Ƙasa, inda yawancin matsalar take ɓoye

Gwaji biyu za ka yi, duka ba su da wuya.

Na farko na magudana ne. Ka tona rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwa na biyu na sauka aƙalla santimita biyu da rabi a awa, lafiya lau. In ka wayi gari ka tarar da shi kwance, akwai abin da ya tare shi a ƙasa. A hamada sau da yawa wani farin falalen ƙasa ne mai tauri kamar siminti, wanda sinadarin farar ƙasa ya daskarar tsawon shekaru. In siriri ne, ka huda shi da ƙarfe a gefen ramin don ruwa ya samu mafita. In ya yi kauri, kada ka wahalar da kanka: ka ɗaga kwami sama da ƙasa kamar santimita 40, ko ka koma tukunya.

Na biyu, ka ɗebi busasshiyar ƙasa cikin cokali ka ɗiga mata ruwan khal. In ta yi kumfa tana tsuwa, farar ƙasa ta yi mata yawa. Ƙasar hamada galibi ma'auninta na pH, wato na tsami, wanda lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, tsakanin 7.5 da 8.5 yake, alhali furannin kurmi sun fi son 6 zuwa 6.5. Illar wannan ita ce sinadarin ƙarfe yana nan cikin ƙasar amma a kulle, saiwa ba ta iya ɗauka. Za ka ji ana cewa a zuba farar wuta ta tsamar da ƙasa. Tana yi, sannu a hankali cikin watanni, amma a ƙasar da ta yi kumfa sosai kamar zuba ruwa a rariya ne, farar ƙasar cinye tsamin take yi. Jifsam ma, wani farin gari da ake zuba wa ƙasa, ba ya sauke pH. Amfaninsa a ƙasar da sodiyam ya toshe ne.

Abin da ke aiki shi ne ruɓaɓɓen taki na ganye da ciyawa, wanda ya ruɓe har ya koma baƙi yana ƙamshin ƙasa. Ka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ƙasar wurin, a faɗin kwamin gaba ɗaya. In ramin kaɗai ka cika da lallausar ƙasa, ka yi wa tsiron kwano ne, ruwa ya taru a ciki, saiwa kuma ta ƙi fita. Kashin dabbobi a yi hattara da shi, yana ɗauke da gishiri, ƙasar hamada kuwa gishirinta ya ishe ta.

Ga mai tukunya: baƙar roba a rana tana iya dafa saiwa, domin gefen da rana ke duka kan haura digiri 50, saiwa kuwa tun daga wajen 40 take fara lalacewa. Ka zaɓi tukunya mai farin launi ko ta yumɓu mai kauri, ko ka saka ta robar cikin wata babba ka bar sarari tsakaninsu. Dole ta kasance da huji a gindi. Ka ɗora ta a kan katako ko bulo, kada ta zauna kan daɓe. Kariya da filumeriya rabin haɗinsu ya zama tsakuwa ƙanana ko yashi mai gautsi. Hibiskus da kana sun fi son mai riƙe danshi.

Mataki na 5: Dashe

Lokacin da ya fi shi ne bayan tsananin zafi ya karye, don saiwa ta samu watanni tana kama ƙasa kafin wani zafin ya zagayo. Inda sanyi kan yi tsanani kuwa, sai a jira ya wuce a dasa nan da nan. Tsiron da ka sayo a inuwa da feshi ya tashi, don haka ka ba shi kwana 10 zuwa 14 yana sabawa: inuwa tukuna, sannan awa ɗaya ta ranar safe, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Da yamma ake dashe. Rami ya ninka tukunyar biyu a faɗi, amma kada ya fi ta zurfi. Wuyan tsiron ya tsaya daidai inda yake a da. Bugenbiliya saiwarta kamar gashi take, da ta motsu sai ta tsinke, don haka yanka robar za ka yi, kada ka ja ta. Ka shayar sosai, sannan ka lulluɓe ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 7 zuwa 10, ka bar tazarar yatsu huɗu daga jikin tsiron. Wannan lulluɓin ya fi kowane taki daraja a hamada. Ka cusa hannu ƙarƙashinsa da tsakar rana, ka kuma taɓa ƙasar da ke tsirara a gefe.

Mataki na 6: Ban-ruwa

Nan na kashe hibiskus ɗina, nan kuma nake ganin yawancin mutane na kashe nasu. Yaushin tsakar rana ba kullum ne alamar ƙishirwa ba. In zafi ya kai wani matsayi, tsiro kan saki ganye don ya rage fuskar da rana ke duka. Ka duba shi da magariba ko da sassafe. In ya miƙe, ƙyale shi. In har safiya yana langaɓe, sai ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. A bushe take? Ka shayar. A jiƙe take amma yana yaushi? Saiwa ce ke shaƙewa, ƙarin ruwa kuma shi zai ƙarasa ta. Saiwa ma numfashi take yi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai.

Ka shayar da asuba, ka shayar da yawa, sannan ka ɗaga ƙafa. Yayyafi kullum yana koya wa saiwa zama a sama, inda ƙasa ta fi zafi. Ana so ruwa ya sauka santimita 30 ga ƙananan furanni, 45 zuwa 60 ga manya. Hanyar sani: bayan awa ɗaya da shayarwa ka soka siririn ƙarfe, zai shige salin-alin a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tsaya cak inda ta bushe.

Ba zan ba ka jadawali na kwanaki ba, domin yashi da laka ba ɗaya ba ne. Amma ga kwatance: a tsakiyar zafi hibiskus na tukunya kan so ruwa kullum, na ƙasa mai lulluɓi bayan kwana biyu ko uku. Bugenbiliyar da ta kafu sai ƙasarta ta bushe. In ka shagwaɓa ta da ruwa da taki, ganye da ƙaya za ta ba ka, sai ta ɗan ji jiki take fure. In sanyi ya shigo a rage sosai.

Tiyo mai ɗigo, irin mai sakin lita 2 ko 4 a awa, shi ya fi dacewa, amma ka riƙa matsar da bakinsa waje yayin da tsiron ke girma, don saiwar da ke sha tana ƙarƙashin ƙarshen rassa ne. Tulun yumɓu marar fenti da aka binne har wuya aka cika da ruwa shi ma yana yi, yana tsattsafowa daidai yadda ƙasa ta bushe. Kuma in tiyo ya yini a rana, ka zubar da ruwan farko a gefe, don yana iya ƙona hannu, balle saiwa.

Mataki na 7: Gishiri, ɗorawar ganye da taki

Wata rana za ka ga farin ɓawo a bakin tukunya, gefen ganye kuma ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da wuta. Gishiri ne. Ruwan rijiya da na famfo a hamada duk suna ɗauke da shi. Ruwan ya tashi sama, shi ya zauna. A kurmi ruwan sama ke wanke shi, a nan kai ne ruwan saman. Sau ɗaya a wata ka kwarara wa tukunya ruwa ninki biyu na girmanta, ya fita ta gindi, kada kuma ka bar ta zaune cikin abin da ya tsiyaye. Na ƙasa ka bar tiyo ya yi ninkin lokacin da ya saba. Ruwan sama in ka samu ka tara, haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, kusan babu gishiri cikinsa. Ruwan da aka bi da shi ta na'urar da ke tausasa ruwa da gishiri kuwa, kada ya kusanci shukarka.

Ganye in ya yi ɗorawa, ka duba wanne ne. Tsofaffi na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya? Naitirojin ya yi ƙaranci, ko ruwa ya yi yawa. Sababbi na sama ne suka yi ɗorawa amma jijiyoyinsu na nan kore? Ƙarfen nan ne da ƙasa ta kulle. Wurin sayen maganinsa ka karanta jikin kwalin: mai rubutun EDDHA kake so, wani jan gari mai rina ruwa, shi ne ke aiki ko pH ya kai 9. Mai EDTA da ya wuce 6.5 ƙarfinsa ya fara tafiya. A ƙasa ake zuba shi, sakamakon kuma a sabon toho ake gani.

Takin zamani shi ma gishiri ne, don haka rabin abin da aka rubuta za ka sa, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ka dakata in zafi ya haura digiri 40. Lambobi uku ake rubutawa a jikin buhun taki: ta naitirojin, ta fosfaros, sai ta fotashiyam. Ga hibiskus ka nemi wanda lambarsa ta tsakiya ƙarama ce, ta ƙarshe babba. Wanda ake tallatawa da sunan mai kawo fure, mai fosfaros da yawa, ƙara kulle ƙarfen yake yi.

Mataki na 8: Laima da ƙwari

Fesa wa ganye ruwa da 'yar kwalba don ƙara laima, a hamada minti kaɗan yake yi ya tafi. Gara ka tara tsirranka wuri ɗaya kusa da juna, kowanne na shaƙar laimar da ɗan'uwansa ya fitar.

Ƙura da bushewa su ke kawo wani ƙwaro ɗan mitsitsi dangin gizo-gizo. Alamarsa ɗige-ɗigen fari a ganye da siririyar yana a ƙarƙashinsa. Ka kaɗa ganyen a kan farar takarda. In ka ga ƙura tana tafiya, shi ne. Wanke ƙarƙashin ganye da ruwa mai ƙarfi sau biyu a sati da sassafe kan kore shi. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar reshe, tururuwa ce ke kiwonsa, ka bi sawunta. Man darbejiya yana maganinsu, amma da yamma kawai, kuma ba a ranar da zafi ya wuce digiri 32 ba, in ba haka ba ganyen zai soye.

A tsakiyar zafi kada ka yi wa tsiro aski. Ƙonannen ganyen sama, duk muninsa, inuwa ce ga na ƙasa da shi da kuma jikin reshe. Hibiskus zai zubar da ƙunshin furensa tun bai buɗe ba. Ba ciwo ba ne, zai dawo da iska ta yi sanyi.

Mataki na 9: Daren sanyi

Mutane kan manta cewa hamada na da sanyi. Sama babu gajimare, iska babu laima, zafin yini sai ya tsere cikin dare, a wasu hamadun har ƙanƙara kan kwanta. Kariya da filumeriya tun daga ƙasa da digiri 10 suke tsayawa cak. Filumeriya za ta zubar da ganyenta kaf ta koma sanduna. Barci take yi, kuma ruwa a wannan lokaci shi ke ruɓar da ita. Na tukunya a shigar da su ƙarƙashin rufi. Na ƙasa a lulluɓe su da tsohon zane ko bargo har ya taɓa ƙasa tun kafin rana ta faɗi, a yaye da hantsi. Leda in ta taɓa ganye ƙona shi take yi. Reshen da sanyi ya ƙona a bar shi sai sabon toho ya nuna inda rai ya tsaya, sannan a datse sama da nan kaɗan.

In kuwa wajen datsar ka samu lafiyayyen reshen filumeriya mai tsawon santimita 30 zuwa 40, kada ka yar. Ka cire ganyen, ka jingine shi a inuwa sati ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe ya yi tauri, sannan ka soka shi santimita 8 cikin yashi mai gautsi, ka ɗaure shi da sanda don kada ya motsa. Ka shayar sau ɗaya, ka janye hannunka. Sai ka ga ganye biyu ko uku sun buɗe sosai, galibi bayan sati shida zuwa takwas, sannan ka sake kawo ruwa.